Anaruwa da Birkin Motar Yayansa

A Tudun Baure, wani gari da ke zaune can bisa tsauni, akwai gidan marigayi Malam Nomau. Manya huɗu ne a cikinsa. Akwai Inna Yalwa, tsohuwar gidan, wadda ciwon yana ya rufe wa idanu shekara da shekaru, har ta kai ba ta bambance ɗanta da turmi sai ɗaya ya yi magana. Akwai babban ɗanta Shekarau, mai fataucin albasa, mutum mai zuciya a kusa, wanda tun da ya yi wayo ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba. Akwai matarsa Ladingo, baki kamar reza, amma cikinta fari ne. Sai autan Inna, Anaruwa.

Ana tsuga ruwa aka haife shi, shi ya sa sunan. Ƙato ne, ya ba talatin baya, bai san ƙarya ba, bai san ƙiwuya ba. Matsalarsa guda ce tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunya, da aka dawo aka tarar tururi ya kusa cinye masa gira. Kowa a garin ya san haka, amma da yake mutane ba sa jin abin da bakinsu yake faɗa, kullum sai sun manta sun aike shi.

Shekarau yana da wata tsohuwar a-kori-kura, ita kaɗai ce mai ƙafa huɗu a garin, sauran duk babura ne. Hanya kuwa ɗaya ce daga Tudun Baure zuwa ko'ina, wani dogon gangare mai lanƙwasa a tsakiya, kwari yana hangame a gefensa. A ƙasan gangaren garin Rafin Zomo yake, can kasuwa take, can asibiti yake. To, sai labari ya zo cewa likitocin ido za su sauka a asibitin ranar Alhamis ta ƙarshen wata, yini ɗaya za su yi suna cire yana, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Bayan Inna ba ya ɗaukar babur, ko zuwa bakin kasuwa. Da aka gaya mata, ta ce ita ba ta roƙi komai ba, tana dai son ta ga fuskokin 'ya'yanta kafin ta koma ga Allah. Ke nan sai motar.

Wata rana Shekarau ya dawo daga gona, ya taka birki a ƙofar gida, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, ta zarce ta gaisa da katangar zaure. Ya fito yana huci.

"Birkin nan ba ya ci," in ji shi. "Anaruwa, duba min abin da ya hana shi ci."

"To, Yaya."

Anaruwa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga birkin, ɗan ƙarfe siriri, duk ya rame. Tausayi ya kama shi. Tun da aka sayi motar nan tanki ake ɗura wa mai, shi wannan bawan Allah kuwa ba a taɓa ba shi komai ba sai taka. Ya shiga gida ya ɗauko nasa tuwon da miyar kuka, ya ajiye a gaban birkin, ya bar ƙofa a buɗe ya yi nisa, don ya san akwai masu jin kunyar ci a gaban mutane. Da ya dawo bayan la'asar, kwano tas. Akuyar maƙwabta tana gefe tana lasar baki, amma ba wanda ya tambaye ta.

"Yaya, ya ci."

"Ya ci?"

"Ya ci sosai."

Shekarau bai tambayi yadda aka yi ba, don tambaya tana kama da rashin sani. Ya shiga ya tada mota, ya yi ribas, ya taka. Motar ta tafi da baya abinta har ta zauna a kan randar Ladingo, ruwa ya malale tsakar gida. Kwano ya mirgino daga ƙarƙashin kujera.

"Wannan kwanon fa?"

"Nasa ne," in ji Anaruwa. "Ina jin bai ƙoshi ba ne."

Da yamma aka zauna shawarar inda za a kai gyara. Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, Babba take ce masa.

"Babba, ka kai wa Cindo mana."

Cindo shi ne bakaniken garin, yana aiki a gindin darbejiya a bakin kasuwa, kuma ba a taɓa kuka da hannunsa ba. Sai dai shi da Shekarau ba sa ga maciji tun wani wasan dara da suka yi da damina. Akuya ce ta bi ta kan gidajen ana dab da tashi, kowa ya ce shi ya ci, kuma har yau kowa yana kan bakansa.

"Inna, in dai Cindo ne, gara in tura motar nan da kaina har Rafin Zomo."

"To a kai babban garejin can," in ji Ladingo. "An ce har injin ɗaga mota sama gare su."

"A ƙasan gangare yake," in ji Inna. "Da wane birkin za a je neman birkin?"

Shekarau ya zaro wayarsa daga aljihu ya ɗaga ta. Ya ce shi zai gyara da kansa, ya kalli yadda ake yi a waya, wani mutum ya nuna komai dalla-dalla, abin bai kai ɗaurin buhu wuya ba. Anaruwa ya daɗe yana kallon wayar.

"Yaya, mutumin ya taɓa sauka gangarenmu?"

"Ci tuwonka," in ji Shekarau.

Wata rana Shekarau ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya jingina wayar da dutse. Daga can ciki ya ce, "Nemo abin da ya fi nauyi a gidan nan ka yi waigi da shi a bayan taya, kada ta gangaro min." Anaruwa ya ɗaga turmi ya ji ba nauyi. Ya ɗaga dutsen niƙa, shi ma haka. Ya zagaye gidan kaf yana ɗaga abubuwa yana ajiyewa, sannan ya dawo ya kwanta a bayan taya ya naɗe hannu. Jim kaɗan Shekarau ya ce a miƙo masa sifana. Shiru. Ya sake faɗa.

"Ba hali, Yaya. Ni ne waigi."

Ladingo ta zo wucewa da tsintsiya, ta dube su, ɗaya a ƙarƙashin mota ɗaya a bayan taya. Ta ce ta ga dai an samu ci gaba, jiya mutum ɗaya motar take nema ta kashe. Ta miƙa sifanar ta wuce.

Wata rana, bayan Shekarau ya canja abin da ya canja ya zuba sabon man birki, ya taka ya ji abin laushi kamar soso. Ya koma ga wayar, ya kalla ya sake kalla, ya gyaɗa kai.

"Iska ce ta shiga birkin. Sai an fitar da ita, in ba haka ba ba zaman lafiya."

Ya faɗi haka ya tafi ta'aziyya. Anaruwa kuwa wata iskar ya ji. A Tudun Baure idan aka ce iska ta shiga mutum, ba iskar fanka ake nufi ba, mutanen ɓoye ake nufi, kuma ya taɓa ganin yadda suka yi da wata yarinya a bakin rijiya. Bai tsaya ba sai gidan Goggo Mai Hayaƙi, tsohuwar da ake kai wa irin waɗannan. Goggo ba ta taɓa yi wa mota magani ba, amma ba ta taɓa mayar da mara lafiya ba. Ta zo da kaskon garwashi da ƙullin ganyayyaki, ta ajiye a gaban birkin, ta sa aka ɗaga gilasai aka rufe ƙofa. Ba a jima ba hayaƙi ya fara fita ta kowace kafa. Wani mai wucewa ya ce gobara, maƙwabta suka fito da bokitai, kuma mutanen Tudun Baure ba sa rowar ruwa idan motar wani ce. Shekarau ya dawo ya tarar da kujerunsa suna ɗiga, Goggo tana ɗaure ƙullinta tana cewa mai taurin kai ce, amma ta tafi.

"Ta fita, Yaya," in ji Anaruwa. "Kowa ya gan ta. Baƙa ce."

Shekarau ya ɗauko sifana ya kwance kujerun, Anaruwa ya taya shi shanya su a kan katanga.

Wata rana suna wurin mai shayi, wani dattijo da ya yi tuƙin manyan motoci a zamaninsa ya ji labarin birkin. Ya matso kusa da Shekarau ya ba shi shawara irin ta masu sana'a.

"In ba ka yarda da birkinka ba, kada ka sauka gangaren nan sai da giya. Giya ɗaya ta ishe ka. In ka ji daidai ka ƙara ta biyu."

"Haba Baba," in ji Shekarau, "ai ni kullum da giya nake sauka."

Anaruwa ya ajiye burodinsa. Bai taɓa ajiye burodi ba sai ranar. Ya taso ransa a ɓace, don yana ƙaunar yayansa, kuma bai taɓa jin warin komai a bakinsa ba sai albasa. Ya so ya ɓoye, amma Inna ta ji tafiyarsa ba daidai ba ta ce, "Auta, me ya faru?" Shi kuwa in aka tambaye shi faɗa yake. Inna ta yi salati, hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani, ta aika a kira Liman.

Shekarau ya dawo ya tarar da Liman da dattawa biyu a zaure an shimfiɗa musu tabarma. Liman ya fara daga nesa, ya yi maganar halin kirki na marigayi Malam Nomau, ya yi maganar ruɗin kasuwa da abokan banza. Shekarau yana ta cewa haka ne, haka ne, yana tunanin ko wa ya lalace a garin.

"Kuma kada Shaiɗan ya ce maka ai ɗaya ce," in ji Liman. "Ɗaya ma haramun ce, balle ka ƙara ta biyu."

Sai a nan Shekarau ya waiwaya ya dubi ƙaninsa. Ya tashi ya roƙi Liman ya biyo shi, ya buɗe motar ya nuna masa sandar canja gudu, ya sa ta a ɗaya, ya sa ta a biyu. Liman ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, amma tun da an riga an taru gara a ƙarasa nasihar, ba a san wanda za ta amfana ba. Aka koma aka ƙarasa. Daga ranar, in Anaruwa ya shiga motar, sai ya takure jikin ƙofa don kada rigarsa ta taɓa sandar.

Wata rana, Alhamis ta matso birki bai daidaita ba, Ladingo ta kira shi bayan rumbu.

"Autan Inna, zo in aike ka. Ka kai wa Cindo birkin nan ya duba. Amma kada yayanka ya ji."

Anaruwa bai iya tuƙi ba, kuma ba a ce ya kai mota ba. Ya ɗauko sifana ya kwance ɗan ƙarfen da ake takawa, ya naɗe shi a buhu ya saɓa a kafaɗa. Ya tarar da Cindo a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa. Ya gaishe shi ya kwance buhu. Cindo ya juya ƙarfen sama da ƙasa, ya ajiye a ƙasa ya taka.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Ina sauran motar?"

"Tana gida."

"To ka gaya wa yayanka ya kawo ta da ƙafarsa. Kuma ya faɗa a gaban mutane cewa ni na ci dara. Ba don shi ba, don Inna zan duba."

Anaruwa ya kamo hanya da saƙo biyu a kansa, ɗaya ya ce ka gaya masa, ɗaya ya ce kada ya ji. Ya yi ta juya su har ƙofar gida, kuma ya samo mafita. Ya tarar da Shekarau zaune a mota yana laluben birki da ƙafa yana taka iska. Ya tsaya a gabansa ya isar da saƙon Cindo kaf, har da maganar dara, da leɓe kawai, ba sauti.

"Me kake taunawa?" in ji Shekarau. "Kuma ina birkina?"

Anaruwa ya miƙa buhun. "An duba. Lafiyarsa ƙalau."

Shekarau ya ga ɓawon gyaɗa a cikin buhun, ya gane inda aka je. Ya mayar da ƙarfen yana cije baki, ya rantse cewa ko sama da ƙasa za su haɗu, hannun Cindo ba zai taɓa motarsa ba. Ladingo ta ce ita ba ruwanta da sama da ƙasa, ita gangare take ji.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, Shekarau ya tashi da sassafe ya ce zai fitar da iskar nan karo na ƙarshe, kuma wannan karon ya fahimci aikin. Na mutum biyu ne, ɗaya a ƙarƙashi yana sassauta noti iska tana fita, ɗaya a sama yana taka birki. Ya zaunar da Anaruwa a kujerar direba, ya yi masa magana a hankali, kalma-kalma, don ya sha wuya.

"Ka ga wannan ƙarfen? Ka yi ta taka shi da iya ƙarfinka. Kada ka daina sai na ce ka daina."

"To, Yaya."

Aikin kuwa ya yi. Iska ta fita, birki ya yi tauri, Shekarau ya ɗaure noti ya fito yana kakkaɓe riga, fuska fal murna. Ya ce, "Ya yi! Ina masu cewa sai Cindo?" Ya shige wanka. Anaruwa ya saurara da kyau. "Ya yi" aka ce, ba a ce "daina" ba.

Ya ci gaba da takawa. In an ce iya ƙarfin Anaruwa, ana maganar mutumin da yake ɗaga jaki ya tsallakar da shi rafi ne. Motar tana jijjiga, kujera tana kuka. Mata suka fara shigowa yi wa Inna Allah-ya-kiyaye, kowace ta gan shi ta wuce, don an saba ganinsa yana abin da ba a gane ba. Ladingo ta fito da Inna ta zaunar da ita a tabarma a ƙofar gida, sanye da atamfar da take ɓoyewa a ƙasan adaka, ta rungume 'yar jakarta a cinya. Cinyar Anaruwa ta fara zafi, zufa ta jiƙa masa riga, ya ci gaba. Can sai aka ji wata 'yar ƙara, fus, daga ƙarƙashin mota. Ƙarfen ya tafi ƙasa ba tauri. Man birki ya biyo rairayi yana tafiya a hankali har kusa da tabarmar Inna. Anaruwa ya sa yatsan ƙafa ya ɗago ƙarfen, ya sake takawa.

Shekarau ya fito cikin farin kaftani yana gyara hula. Ya ga man. Ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe.

"Ka fasa bututun man birki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Sannan muryar ta tashi. "Yau ɗaya, Anaruwa. Yau ɗaya tak. Ka hana Inna gani. Wawa, dabba, nauyin banza. Me muka yi wa Allah ya haɗa mu da kai?"

Ya faɗi waɗannan ya faɗi waɗanda suka fi su, a gaban matan unguwa. Anaruwa bai taɓa jin ciwo irin na ranar ba. Zagin bai dame shi ba, ya saba. Cewa shi ya hana Inna gani, wannan ce ta soke shi, don duk duniya ba wanda yake so kamarta. Hawaye suka zubo masa. Amma ya kasa kunne cikin zagin tun daga farko har ƙarshe yana jiran kalma ɗaya, kuma ba ta ciki. Ya ci gaba da takawa yana kuka.

"Babba," in ji Inna, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ina jin rana a fuskata. Ta fara yi."

Shekarau ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi uwarsa da atamfarta da jakarta. Ya juya ya nufi bakin kasuwa da farin kaftaninsa. Waɗanda suke wurin mai shayi sun ce ya tsaya a tsakiyar mutane ya ce, "Cindo, kai ka ci dara." Sun ce Cindo bai yi dariya ba, ya zubar da gyaɗar hannunsa ya ɗauki akwatin kayan aiki.

Cindo ya shige ƙarƙashin motar, ya ɗan jima, ya fito da guntun bututu a hannu. Ya danna shi da babban yatsa, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

"Wannan ba ciwon yau ba ne," in ji shi. "Tsatsa ta cinye shi ta bayan ƙarfe, inda ido ba ya kai. Ni ma sai na kwance zan gani. Taka mai ƙarfi kawai yake jira. A fili kuwa ba wanda yake taka birki haka. Wuri ɗaya ne a hanyar nan ake taka shi da iya ƙarfi."

Bai faɗi wurin ba, kowa ya san lanƙwasar. Ladingo ta yi salati. Matan suka yi tsit. A cikin shirun sai wata ƙara take ta tashi daga gaban motar, ƙiƙ, ƙiƙ, ƙiƙ.

"Wai mene ne ke kuka haka?" in ji Cindo.

Shekarau ya zagaya ya buɗe ƙofar direba. Ya ga ƙaninsa jiƙe sharkaf, ido ja, ƙafa ta kumbura tana rawa, tana ɗago ƙarfen tana takawa.

"Daina, Anaruwa."

Ya daina.

"Yaya, ka yafe ni. Na fasa maka."

Shekarau ya sa kafaɗa a hamatarsa ya fito da shi, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zaunar da shi a tabarma kusa da Inna. Inna ta lalubo kansa ta dafa.

Cindo yana da bututu mai kyau da ya cire daga wata matacciyar mota, ya aika aka kawo ya ɗaura. Wannan karon Shekarau ne ya zauna a kujera. In Cindo ya ce taka ya taka, in ya ce riƙe ya riƙe, in ya ce saki ya saki, bai ƙara ko kalma ba. Kafin rana ta take tsaka suka kama hanya, Inna a tsakiya, Anaruwa a jikin ƙofa.

Da suka iso lanƙwasar Shekarau ya taka birki da iya ƙarfinsa, motar ta tsaya cak. Ya leƙa kwarin, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya kasa ɗaga ƙafa. Can ƙasa ana hango rufin asibiti da layin mutane.

"Mun iso ne?" in ji Inna.

"Saura kaɗan, Inna."

Anaruwa ya ga ƙafar yayansa tana rawa. "Yaya, in ka gaji in taka maka."

Shekarau ya share fuska da hannun kaftani. "A'a. Kai ka riga ka taka naka a gida."

Suka gangara a hankali, suka samu layi bai ƙare ba, aka yi wa Inna aiki a ranar. Washegari da aka kwance mata ido ta yi ta ƙiftawa. Ta dubi Shekarau ta kau da kai, irin kunyar uwa da ɗan fari, amma sai da ta sake satar kallo. Sannan ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, har ta kai fuskar wanda ya tokare ƙofar ɗakin da faɗinsa.

"Auta," in ji ta, hawaye na zuba, "ashe haka ka yi ta girma?"

"Ba wanda ya ce in daina, Inna."